Darnin da ke tsakanina da wana

Iskar ruwan farko ce ta kwantar da darnin da ya raba gidana da na wana, a ƙauyenmu na ƙasar Buza. Asali gida ɗaya ne, bayan rasuwar babanmu dangi suka tsaga shi da kara.

Kafin in ankara awakinsa sun shigo sun cinye rabin irin waken da matata ta shanya. Ni kuwa ba a san ni da sanyin zuciya ba.

"Yaya, darninka ya hwaɗi," na ce masa.

Ko kai bai ɗaga ba. "Nawa? Tahi ka duba tanka."

A wajenmu, wanda tanka take ɓangarensa, wato karan da ake gittawa a ɗaure darni a jikinsa, shi ke da darni, shi ke gyara. Na juya tarkacen na duba. Tanka ta gefena, tanka ta gefensa. Dangi sun yi mana wayo tun ranar rabo.

Muka daina gaisawa. Matanmu suka koma wanka da duku-duku, don babu abin da ya kare makewayi. Ranar da na kama akuyarsa na ɗaure a turkena, sai ya tako har inda darni yake a da, ya tsaya cak.

"Ka sake ta, ko mu gamu gaban maigari gobe."

Duk 'yan uwa biyun da na san sun gurfana gaban maigari, 'ya'yansu ba su sake cin tuwo a kwano ɗaya ba. Na kwance akuyar ina huci, amma bai janye maganarsa ba.

Da gari ya waye ban jira ɗan aiken maigari ba. Haushi ya sa na kwaso kara, na kafa itace, na ce zan ɗaure abina ni kaɗai. Na jera karan, na gitta tanka, na cusa bakin igiya ta tsakani. Nan na tsaya. Darni ba ya ɗauruwa sai da mutum a ɗaya gefen, ya karɓi igiya ya maido maka.

Ina jin motsin wana a bayan karan, har ƙamshin turaren da yake shafawa in zai fita unguwa. Ya shirya zuwa gaban maigari ke nan. Igiyar tana lilo a gidansa, ni kuma girman kai ya hana ni kiransa. Na ji takunsa ya nufi ƙofa.

Sai takun ya tsaya. Can na ji an ja igiyar, har ta goge mini tafin hannu. Bakinta ya dawo ta ƙasan tanka.

"Ja da ƙarhi," in ji shi. "Har yanzu ba ka iya ɗamri ba."