Kujerar Mirza Tufail

Mirza Tufail ya tsaya mini a rai tun muna samari, kuma ba na ɓoyewa. Tare muka koyar da tarihi a birnin Lahor, tare muka yi ritaya, amma shi kaɗai ake kira mai adalci.

Duk Lahadi bayan la'asar mukan haɗu a gidan shayin da ke bayan kasuwar littattafai, mu sa littafi ɗaya a gaba, galibi kan Musulunci da mulki. Masu son a kafa daular addini suna zama gefen taga, masu son a raba masallaci da majalisa suna gefen murhu. Shugaban zama ba ya bin kowa, shi ke magana ta ƙarshe. Kujerar nan nake so, Tufail ake ba.

Dabararsa ita ce, kafin ya karanta littafi sai matarsa ta naɗe bangon da tsohuwar jarida, ta manne shafin da ke ɗauke da sunan marubuci. Mu ma ba ma faɗin sunan sai ya gama magana. Ni dai a wurina burga ce kawai.

"Mirza Sahib," na taɓa ce masa, "mu ma a naɗe mu da jarida mana, ko ma samu adalcin nan."

"Kai Inayat, ko a buhu aka sa ka zan gane ka," ya ce. Aka yi dariya, ban da ni.

Rannan aka kawo wani littafi da ke cewa jam'iyyun addini su shiga zaɓe, in sun faɗi su haƙura. Na taga da na murhu duk suka yaba, abin da ban taɓa gani ba. Sai Tufail ya dira a kansa, wai kame-kame ne, wai aikin gaggawa ne. Shayinsa ya huce bai kurɓa ba.

Hafiz Sarwar, dattijon 'yan taga, ya ce, "Mirza Sahib, wace hujja ce ta karye a ciki? Buɗe mana wurin."

Tufail ya daɗe yana shafa jaridar.

"Babu," ya ce. "Zahur Bhatti ne ya rubuta, na gane salonsa tun daga farko. Benci ɗaya muka zauna a kwaleji. Littafin nan ni na yi ta cewa zan rubuta. Ya riga ni, kuma ya fi wanda zan yi."

Ya miƙe, ya ɗauki kofinsa. "Inayat, zo ka zauna a kujerar nan. Ka daɗe kana kallonta."

Na zauna kuwa, raina fes. Har yau ni ke magana ta ƙarshe, kuma suna saurarona cikin ladabi. Da na rufe baki sai na taga da na murhu su kwashi kofunansu, su nufi lungun da Tufail ya koma, su tambaye shi:

"To, Mirza Sahib, kai me ka gani?"