Fatar Baba da Zoben Wata Duniya

Shekarar da autarmu ta dawo hutu daga Faransa, Baba ya ce ba za ta koma ba. Baduku ne a Birni, ya tsani ƙarya fiye da komai, kuma a ganinsa aikinta ƙarya ce tsagwaronta. Ta ce tana neman zoben ƙura a kewayen wata duniya mai zagaya wani tauraro, duniyar da ko ita ba ta taɓa gani ba. Ni kaina, da nake malamin lakwal, wato makarantar boko, kai kawai nake gyaɗawa don kada a gane ban fahimta ba.

Saura kwana uku jirginta ya tashi, ta same shi a zaure da hantsi, ni ma ina wurin. Ya ɗaga fatar akuya yana duba ta a hasken ƙofa, kamar yadda yake yi kafin ya sa wuƙa.

"Baba, me kuke dubawa?"

"Inda ta yi siriri. Haske ne ke tona shi."

Ta karɓi fatar, ta ce ya kalli ƙofar. Ta jawo ta a hankali ta gaban idonsa. Gefen da aka kankare ya yi siriri ya fara shiga, hasken ya dushe kaɗan. Tsakiya mai kauri ta iso, ya yi duhu. Ɗaya gefen ya wuce, ya sake dushewa kaɗan kafin ya dawo.

"Haka muke yi, Baba. Tauraron ne ƙofar. In duniyar ta gitta ta gabansa, muna auna haskensa. In tana da zobe, zai ɗan ragu kafin ta iso da bayan ta wuce."

Shekara arba'in ina shiga zauren nan, ban san ana auna sama da abin da Baba ke yi kullum ba.

Ya sa ta maimaita har sau biyu.

"To kin ga zoben?"

"Shekara uku ke nan, ban gani ba."

"Kuma ba ki ce kin gani ba?"

"Ban ce ba."

Ya naɗe fatar, ya ce da ni in je tasha in saya mata tikitin motar Yamai, inda jirginta zai tashi.

Yanzu idonsa ya tafi, ko ƙofar ba ya gani. Duk Juma'a in ta kira, kafin ya tambayi lafiyarta sai ya ce, "Auta, hasken ya ragu?"