Mai-Roba a Akwatin Motar Bilal

Duk wanda firjinsa ya daina riƙe sanyi a Jakara, ko but ɗin motarsa yake shan ruwa, wurin Malam Kabiru Mai-Roba ake tura shi. Jikan Barebari ne, gajere, kuma shekara talatin ke nan yana liƙa roba a bakin ƙofa. Kayan aikinsa duka-duka reza ce da gwangwanin gam da tsumma.

Yana da ƙa'ida ɗaya: in ya gama aiki, shi da kansa yake shiga but ɗin a rufe shi. In ya ga haske, to ruwa ma zai ga hanya. Matarsa Fanna ta sha gaya masa, "Malam, da kake wannan kana siriri ne. Yanzu fa akwai tumbi." Shi kuma ya ce tumbinsa ne.

A tsakiyar daminar bara Hajiya Mabruka ta Gwale ta aiko a kira shi. Ɗanta Bilal ya sayo wata mota daga Kwatano, mai gado da kicin har da banɗaki a ciki. Ba ta shiga lungu, sai a bakin Ƙofar Na'isa aka ajiye ta. A gefenta akwai akwatunan kaya, robar ƙofofinsu duk ta bushe ta tsattsage. A cikinsu za a kai alkakin Hajiya, fanteka shida, biki Maiduguri.

"Kabiru," in ji Hajiya, "kwana huɗu muka yi muna suya. Ɗigo ɗaya ya taɓa min alkaki, wallahi a gidan bikin zan faɗi sunanka, a gaban danginka."

"Hajiya, ai ba a kai nan ba."

"Za a kai."

Ya kankare tsohon gam, ya goge da fetur, ya yanka sabuwar roba ya bi da ita yana dannawa da babban yatsa. Da ya gama babban akwatin sai ya cire hula ya miƙa wa Bilal, ya cusa kai, ya ja tumbi, ya naɗe ƙafafu.

"Rufe. In na buga ka buɗe."

Bilal ya rufe, ya murɗa makulli. Sai ga wani abokinsa ya tsaya da babur yana tambaya ko da gaske akwai banɗaki. Bilal ya shiga da shi ya gani. Daga banɗaki sai kicin, daga kicin aka kunna rediyo, daga nan aka kira La'asar suka wuce masallaci da makulli a aljihu. Hajiya na zaune a benci tana jan carbi, taku biyar tsakaninta da akwatin.

Sai da Bilal ya sallame ya ga hula biyu gare shi, ɗaya a ka ɗaya a hannu. Ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Mutum uku suka jawo Malam Kabiru, jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi a rijiya.

"Na buga! Na yi ihu! Har Hajiya na kira da sunanta!"

"Ni?" in ji Hajiya. "Ko tari ban ji ba. Kai, wannan roba ta yi! Bilal, a ɗauko alkaki."

'Yan kallo suka hau yabo. Wani direba har yana neman lambarsa. Malam Kabiru ya sha ruwa, ya kalli akwatin.

"Kada a ɗauko."

"Saboda me?"

"Akwai haske. A kusurwar ƙasa, kamar ƙwayar gero. Nan na kafa hancina tun ɗazu."

"Haba Baba," in ji Bilal, "ai da ka yi shiru wa zai sani?"

"Alkaki zai sani. Daga shi sai Maiduguri."

Ya durƙusa ya ɓamɓare kusurwar, ya sake shafa gam, ya jira ya sha iska, ya danne. Sannan ya miƙe ya karɓi makullin daga hannun Bilal.

"Shiga ka duba min. Idona ya tsufa."

Bilal ya kalli uwarsa.

"Shiga mana," in ji Hajiya. "Kabiru, ai ba ka yi La'asar ba ko?"