Shanun Huɗa a Gonar Baffa

Takardun da ke ɗauke da sunana a duniya biyu ne, katin zaɓe da katin asibiti. Na fi shekara talatin ina ciyar da gida da sana'a ɗaya, da ita na aurar da 'ya'ya huɗu, amma har yau in aka miƙo mini fom sai na waiga ina neman mai cike mini. Aji uku na yi a firamare. Ranar da ƙanen mahaifina da ke yi mana kiwo ya yi aure ya tashi, Baffa, haka muke kiran mahaifinmu, ya karɓe jakar littattafaina ya miƙo mini sanda. Ya ce makaranta tana nan ba inda za ta, shanu kuwa in ba a bi su ba tafiya suke yi.

Shekara goma sha biyu na yi a bayan garke, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗinsu ba. Na san kowace saniya da halinta, na san wadda za ta fara shiga gonar mutane tun kafin ita ta yanke shawara. Sai garken ya fara zagwanyewa. Ciwo ya ɗebi wasu, hidimar gida ta ɗebi wasu, burtalin da muke bi zuwa rafi kuma aka nome shi tas. Muka wayi gari a ƙauyenmu Dugabau da shanu uku da gona ɗaya. Ni kuwa ga gemu ya fito, ga mata an kawo mini, ba garke, ba boko.

Abin ya tsaya wa Baffa a rai. Bai faɗa ba, ba ya cikin masu faɗa, amma duk sanda ya ji an ce ɗan wane ya sami aikin albashi sai ka ga ya sauya zance. Wata safiya ya sa farar rigarsa ta zuwa Idi, ya ɗauki ƙwaryar ƙwan zabi, ya ce in biyo shi. Muka taka har Kabo, wani ofis da aka ce ana ɗaukar masu gadi da masinjoji.

Jami'in da muka samu mutumin kirki ne, ya ba Baffa kujera, suka gaisa har da tambayar ruwa da dabbobi. Sannan Baffa ya ce, "Malam, yaron nan na kawo maka. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya barcin rana. Ko gadi ne a ba shi."

"To Baba, ina satifiket ɗinsa? Ko na firamare ne ma ya isa."

"Ai yana da lafiya," in ji Baffa. "Dube shi."

"Na gan shi, Baba, wallahi na gani. Amma ba a buɗe wa mutum fayil sai da takarda."

Ko ƙwan bai karɓa ba, ya ce a kai wa yara. Muka juyo da ƙwaryarmu, Baffa a gaba ina baya, har gida. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, balle ya zauna mu yi ta'aziyyar juna. In zai kira ni "kai" yake cewa, in zai yi maganata ya ce "yaron nan".

Da damina ta faɗi na shiga ƙwadago a gonar wani Alhaji, mai fataucin hatsi a Kabo. A shekarar ya sayo shanun huɗa biyu daga wajen Katsina, fari da ja, aka ce masa horarru ne, garma kawai za a ɗaura. Aka ɗaura kuwa, shanu suka ce ba su san zancen ba. Jan ya riƙa turo farin, farin yana baya da baya, garma tana yawo cikin gona kamar mai neman abin da ta yar. Kwana uku ana dukansu. Alhaji ya kira malamin gona, wani matashi mai babur da littafi a aljihu. Ya duba haƙoransu, ya duba kofato, ya auna karkiya, wato icen da ake ɗora musu a wuya, ya ce shi dai bai ga ciwo ba. Alhaji ya rantse an cuce shi, ya ce ranar kasuwa mahauta za su raba gardama.

Ni ina can gefe da fartanyata, raina yana ɓaci, don ban iya ganin ana dukan dabba ba gaira ba dalili. Abin da na lura da shi kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Duk sanda aka kwance su za a kai su ruwa, sai jan ya zagayo ta bayan farin ya tsaya a damansa, su jera, su tafi salin-alin. In an dawo ɗauri kuma sai a mai da shi hagu. Na matsa na shafa wuyansu, na ji kantar karkiya a kowanne ta fi kauri ta ɓangaren da a da yake fuskantar ɗan'uwansa.

Na ce, "Alhaji, in ba za a ga rashin kunyata ba, a sauya musu gefe."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma daga ina? Malam da ya yi karatun abin bai gani ba, sai kai?"

Malamin gonan ne ya cece ni. Ya ce, "Alhaji, a bar shi ya gwada mana. Me za a rasa?"

Na mai da jan dama, farin hagu, na yi musu magana ƙasa-ƙasa yadda na saba yi wa namu, na kama garma. Suka miƙe ɗoɗar har ƙarshen gona, suka juyo da kansu ba wanda ya ce su juyo. Alhaji ya cire hula ya mayar. Malamin gona ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya fito da littafinsa ya rubuta, ya ce wannan ba a koya musu ba. Allah Ya saka wa mutumin nan da alheri, shi ya riƙa yawo da labarina a kan babur, duk ƙauyen da aka ce shanu sun ƙi garma sai ya ce a nemo ɗan Fulanin Dugabau.

Haka sana'a ta same ni ban neme ta ba. Da farko gyaran ɓatattu nake yi, daga baya aka fara kawo mini ɗanyun bijimai in hora tun daga tushe. Na kafa turaku a bayan gida. Makon farko ba karkiya ba komai, sai dai su ci a kwano ɗaya, su lashi kanwa a hannuna, su san muryata. Sannan a huda hanci a zura igiya. Sannan karkiya ita kaɗai, sannan su ja gungume, sai can a ƙarshe garma a ƙasa mai yashi. Ba na duka. Sa yana riƙe abu a ransa fiye da mutum, in ka zalunce shi yau zai biya ka a tsakiyar damina, ranar da ka fi bukatarsa.

Ina kewar shekarun nan. In bazara ta gabato bayan gidana cika yake, har daga Kara da ƙauyukan Gwarzo ake turo mini. In na shiga kasuwar Gwarzo ban isa in wuce wajen shanu da sauri ba, wannan ya jawo hannun rigata in duba masa ƙirjin sa, wancan ya ce in zaɓa masa abokin haɗi. Akwai mai shayin da ba ya bari in zauna a benci sai ya shimfiɗa mini buhu, wai kada malamin shanu ya yi datti. Yanzu ƙananan injinan huɗa sun shigo, ɓarayin shanu kuma sun sa mutane tsoron ajiye bijimi a gida. Aikin yana nan, amma turakuna rabi ba kowa.

Duk wannan suna da na yi, mutum ɗaya ne bai taɓa leƙa bayan gidana ba. A wajen Baffa, saniya abar a bi ce a lallaɓa, a sha nononta a gode wa Allah. A huda mata hanci a ɗora mata ice a wuya kuwa, wannan cin mutunci ne. Ranar da ya fara jin kukan bijimin da nake hudawa, ya aiko ƙanena ya kira ni. Na durƙusa.

Ya ce, "Kai, abin da ka zaɓa ke nan?"

"Baffa, shi Allah Ya kawo."

"Sa ba jaki ba ne. Ubana bai yi ba, ni ban yi ba. Je ka yi abinka, amma kada in ga ƙafarsu a gonata."

Na ce to. Na fita ina huci, don a raina cewa nake, wa ya raba ni da makarantar? Ban faɗa ba, kuma na gode wa Allah da ban faɗa ba. Amma maganar ta ci ni shekara da shekaru. In huɗe gonakin rabin gari, mutane suna sa mini albarka, in biyo ta gefen gonar ubana in same shi a sunkuye da garmar hannu, gumi yana ɗiga ta gemunsa. Abokaina har tsiya suke yi mini, wai mai shanun da gidansu ba a yarda da shi ba. Ina dariya, amma abin yana yi mini ciwo ƙwarai. Na yi masa sutura, na gyara masa ɗaki, duk ya karɓa ya yi addu'a. Aikin da ya kawo su ne dai bai taɓa kiransa aiki ba. In baƙo ya tambaye shi me babban ɗansa yake yi, sai ya ce, "Yana nan dai."

Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya koma sa 'yan ƙwadago. Wata damina, yana da shekara tamanin da wani abu, ruwa ya zo a jere, kowa ya duƙufa a tasa gonar, aka rasa hannu. Dawarsa ta kai gwiwa ba huɗa, ciyawa tana neman shaƙe ta. Inna, mahaifiyata, ta same ni a ƙofar gida.

"Gonar ubanka za ta lalace kana kallo?"

"Inna, ai shi ya hana."

"Ni dai ban ji ya hana bana ba," ta ce, ta wuce abinta.

Washegari da hantsi na shiga gonar. Manyan shanuna suna aiki a Kara, sai wasu sababbi biyu da ban gama horarwa ba, irin waɗanda sai da mutum a gaba yana jan igiyar hanci. Ƙanena da zai ja mini bai iso ba. Na sa musu takunkumi don kada su ci shuka, na fara ni kaɗai, suna ta karkacewa ina ta fama. Ina ɗaga kai sai ga Baffa a bakin gona, ya dogara sanda. Ni da furfura a gemu, na tsaya riƙe da garma kamar an kama ni da hannu a tukunya.

Bai dube ni ba. Ya tako a hankali ya zagaya shanun, ya shafa tozonsu, ya zura yatsu ƙarƙashin karkiya ya ji ko ta matse. Ya ɗaga kan na dama ya daɗe yana duban hancinsa.

"Wa ya huda su?"

"Ni ne, Baffa."

"Hancin bai yi gyambo ba," ya ce. Ya ƙara dubawa. "Ba bulala a jikinsu."

"Ba na dukansu."

Ya saki kan bijimin. Can ya ce, "Naɗe igiyar nan a ƙahonsu, kada ka ja."

Na naɗe. Ya wuce gabansu, ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya rataya hannuwa a kanta, ya yi irin kiran nan da yake yi wa garke in za a tashi daga mashaya. Rabona da jin sa tun ina saurayi. Shanun da ba su taɓa ganinsa ba suka ɗaga kunne, suka bi shi. Yana tafe yana ɗingishi, suna biye, ni ina baya da garma, hawaye ya hana ni ganin layin.

Kunya uku muka yi, numfashinsa ya gaza. Na kama shi na zaunar a gindin ɗorawa, na ba shi ruwa. Da ya huta ya ce na daman ya fi ɗan'uwansa ƙarfi, in rage masa dusa, in ba haka ba zai riƙa jan na hagun. Na ce to. Sai ya kau da kai wajen shanun, ya yi maganar da ban taɓa zaton zan ji daga bakinsa ba.

"Ni na ɗauka na cuce ka. Na raba ka da boko saboda shanu, shanun kuma suka ƙare a hannuna. In na ji kukansu a bayan gidanka, laifina nake ji." Ya goge fuska da bakin rawani. "Ashe kiwon ne ba ka bari ba."

Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baffa, ka yafe mini." Ya ce, "Tashi ka ƙarasa, rana tana yi."

Baffa bai ga wata daminar ba. Da ƙanena ya iso a ranar, ya tsaya yana kallon kunyoyi ukun nan, sun karkace sun yi ciki sun yi waje, duk inda ƙafar tsoho ta kauce nan garma ta bi. Ya ce in kawo shanun a sake kunyoyin kafin mutane su gani su ce aikina ne. Da a gonar wani ne, ko ba a ce ba da na sake. Na ce ya bar su. Haka dawar ta girma a kansu a karkace, haka muka girbe ta.