Buhun Takin Ciyaman

Shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da sai ka gaishe da kwanon masara kafin ka tambayi kuɗinsa, aka tura malaminmu na darasin gwamnati kwas a Bici. Ya dawo da sabuwar jaka da sabon salo. Ya ce an koya musu yadda za a yi muhawarar siyasa a aji ba tare da an fasa wa kowa kai ba.

Ya sa muka ja bencina muka yi zobe. Ba zagi, ba ambaton uban kowa, shi kuma ba zai faɗi nasa ra'ayin ba ko za a rataye shi. Batun ranar shi ne rabon takin gwamnati. A garinmu taki gidan ciyaman na mazaɓa yake sauka, kuma kowane buhu ya san ƙofar 'yan jam'iyya da kansa. Babana kuwa ɗan adawa ne tun kafin a yaye ni. Ko inuwar fastar su ciyaman ba ya tsayawa a ciki.

Sai Malam ya fito da babbar dabarar kwas ɗin: kowa zai kare ɓangaren da ba nasa ba. Ni zan kare ciyaman, ɗan ciyaman da yake ajinmu zai kare mu.

Allah ya yi ni da baki. Na miƙe na ce wanda ya sha rana a layin zaɓe shi ya kamata ya sha taki. Na ce ciyaman adali ne, ko kuka yake rabawa sai ya auna. Na ɗaga hannu na yi taken jam'iyyarsu, aji ya amsa har sai da ƙadangaru suka zubo daga silin.

Abin da ba a koya wa Malam a Bici ba shi ne tagogin ajinmu ba su da ƙyaure, kuma wani tsoho mai rake a gindin tagar yake kasa hajarsa. Kafin a tashe mu, labari ya kai bakin masallaci: gidanmu sun sauya sheƙa, an ma turo yaro ya fara sanarwa.

Ranar Baba yana kasuwar Ɗambatta. Da la'asar ya dawo ya tarar da buhun taki a zaure, saƙon barka da zuwa daga ciyaman. Masararmu a lokacin ta yi rawaya kamar mai shawara, rabonta da taki tun bara. Baba ya dubi buhu, ya dube ni.

"Kai, ɗan nema. Yaushe na shiga jam'iyya ban sani ba?"

"Baba, darasi ne."

"Darasin ne ya ce ka yi musu kirari?"

"Kirarin ƙari ne, don a ba ni maki."

Muna haka sai ga Malam a keke, gumi har cikin takalmi. Ya durƙusa ya yi bayanin kwas daga farko har ƙarshe. Baba ya saurara, sannan ya ce, "To Malam, na ji. In na riƙe buhun nan na zama nasu, in na mayar yara su ci me? Kai me ka gani?"

Malam ya sosa ƙeya. "Baba, an hana mu faɗin ra'ayi."

"Madalla. Kun iya kunna wuta, an hana ku ɗebo ruwa."

Inna ta leƙo ta ce a shigo da buhun ciki kada awaki su fasa, a bari sai gobe hankali ya kwanta. Aka shigar.

Da hantsi, lokacin da majalisar ƙofar gidan ciyaman take cika, Baba ya ce zan kai buhun a kaina, ta tsakiyar gari, kowa ya gani. Ya sunkuya ya tattara ƙarfinsa duka zai ɗora mini, sai buhu ya tashi sama kamar na auduga. Bakinsa an ɗinke shi tsaf da zaren da Inna take ɗinkin hula.

Baba ya tsaya da buhu a hannu. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na ga gemunsa ya motsa sau ɗaya.

"Me kake kallo? Wuce ka kai musu kayansu. Ka ce mun gode, muna nan inda muke."

Na kai. Ciyaman ya ɗaga buhu, ya jijjiga shi, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a gaida Baba.

Bayan ruwa biyu gonarmu ta bayan gida ta yi kore shar. Duk wanda ya tsaya ya yaba, Baba sai ya ce kashin tumaki ne. Tunkiyarmu a lokacin guda ɗaya ce, ita ma ramammiya.