Yatsu Uku Tsakanin Bututu da Salansa

Ranar Talata, 9 ga Satumba, ina tsinke zogale a tsakar gidanmu na Azuba, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka kai ne za ka tambayi abin da na dafa. Ashe Terlumun ne, mai waldan da kuka yi shekara goma sha ɗaya kuna gareji ɗaya. Ya ce, "Madam, ki zauna tukuna." Babbar mota ta bugi babur ɗinka a hanyar dawowa daga Shabu, kafin a kai asibiti Allah ya karɓi abinsa. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Haka na rasa ka, Malam Ashemi, mijina, Baban Bilkis.

Da aka kawo min rigarka, na sami ƙananan maɗauran ƙarfe guda biyu a aljihu. Su ka je nema.

Ni mai karatun littattafan soyayya ce, ka sani, har kana tsokanata da cewa a cikinsu mota ba ta taɓa lalacewa. Na shigo gidanka ina jiran miji mai ƙamshin turare da zai buɗe min ƙofar mota. Sai na sami mai ƙamshin baƙin mai, da tsohuwar Marsandin mahaifinsa ta 1978 a kan duwatsu huɗu a tsakar gida. Ka yi min alkawari ranar da ta tashi za ka kai ni kallon ruwan da ke zubowa daga dutse a Farin Ruwa, ni a gaba, littafina a cinya.

Bakin salansarta na asali ya tsage, sai ka sa aka kawo maka sabo daga Legas, bututu shida masu sheƙi, a murɗe. Ka yi murna kwana biyu. Rana ta uku ka gano matsala. Motar mai canza giya da kanta ce, kuma akwai siraran bututu biyu da ke kai man giya wurin lagireto ya huce ya dawo. Sabuwar salansar ta zauna daidai kan hanyarsu. Ka ce min idan bututun ya jingina da ita, man zai dahu, giyar ta ƙone, idan kuma ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi sai wuta.

Kowa ya ce ka sa tiyon roba ka huta. Ka ƙi. Ka ɗauki wayar shanyata, ka lanƙwasa ta a ƙarƙashin motar, kwana-kwana, har ta zama taswirar sabuwar hanya, sannan ka riƙa lanƙwasa bututun ƙarfe a kan guiwarka yana bin ta. Ƙa'idarka ita ce yatsu uku tsakanin bututu da salansa, ko'ina. Amma akwai wani lungu kusa da sitata da hannunka ba ya shiga. Wata rana ka leƙo ɗaki ka ce, "Hanifa, ajiye attajirin littafin nan naki, ki ara min hannu."

Na kwanta kan kwali kusa da kai, ina mitar zanina. Ka riƙe wuyan hannuna ka tura shi cikin duhun injin. "Uku sun shiga?" Na ce biyu da rabi. Ka yi dariya ka ce, "Rabin nan ne zai bar mu a daji." Ka sake ciro bututun. Sau biyar muka yi haka kafin la'asar. Na karanta littattafai sun fi ɗari, ban ga inda aka riƙe hannun mace irin wannan riƙon ba.

Haka kake da kowa. Matar da ke kawo doya daga Shabu ta zo gaisuwa tana kuka, ta ce ka taɓa hana direbanta tashi saboda ka ji warin mai a inda bai kamata ba, ka gyara, ka ce su gaida gida.

Ka gama bututu ɗaya. Na biyun yana rataye a ƙusa, rabinsa miƙe, wayar shanyar a gefensa. Maɗauransa ne na samu a aljihunka.

Bayan sadakar bakwai, yayanka, Yaya Ya'akubu, ya ce ganin motar kullum zai hana ni haƙuri, gara a sa tiyo a tashe ta a kai ta gidan gado. Don tausayi ya faɗa, na sani. Terlumun yana bakin ƙofa ya ce, "Yaya, oga ya ce tiyo ba zai shiga motan nan ba. Ni zan iya lanƙwasa, amma hannuna ma ba ya shiga wurin."

Allah Ya gafarta maka, Baban Bilkis, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa haƙurin da ka yi da ƙarfe da mutane ya tarar da kai a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna mahaifiyarka, da Yaya Ya'akubu, da Terlumun da duk mutanen gareji. Allah Ya raya Bilkis, Ya ba mu juriya.

Na riga na roƙi Yaya, kuma ya amince: ba wanda zai sa wa motar makulli ya tashe ta tukuna. Ranar da na fita takaba, Terlumun zai lanƙwasa bututu na biyu, ni kuma zan kwanta kan kwalin in auna.