Wanzamin da ya mayar da askarsa zabira

Wata rana wata mata, Tasalla, mai sayar da farfesun kayan ciki a bakin tasha, ta yi sallama a zauren wani tsohon wanzami, Baba Jatau.

Wata bakwai ke nan wani abu yana tasowa a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Tun tana ɗaura zani a kansa har zanin ya daina zama. In ta sunkuya za ta sauke tukunya sai numfashi ya ɗauke mata.

Ta sha saiƙo, ta sha jiƙo, ta shafa man kaɗanya. Shiru.

Asibiti kuwa ba ta shiri da shi. Cewa take yi, "Wuni guda a layi, wa zai tsare mini tukunya?"

Ta zauna a kan tabarma ta ce, "Baba, mugun ruwa ne ya taru. Ka tsaga, ka kafa ƙaho, ka zuƙe shi in koma bakin sana'ata."

Tsoho ya zaro aska. Ya sa yatsa biyu ya taɓa wurin, ya ɗan ƙwanƙwasa. Sai ya ji abu yana rawa a ciki kamar salka cike da ruwa.



Ya goge askarsa, ya mayar da ita zabira.

Tasalla ta ce, "Au! Baba, tsoro kake ji?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, 'yata. Shekara arba'in ina tsaga abin da idona yake gani. Wannan ban gan shi ba. Je ki a haska a gani."

Ta miƙe tana kakkaɓe zani. "Tsufa dai ya cinye maka hannu. Da ka faɗa tun farko, da ban ɓata takalmina ba."



Haushi ne ya kai ta asibiti, ba biyayya ba. So take ta dawo da takarda ta ba shi kunya.

Aka kwantar da ita ɗakin sikanin. Wata ma'aikaciya ta shafa mata wani mai mai sanyi, ta riƙa zagaya na'ura a kan cikin. Can sai hannunta ya tsaya. Ta kira likita.

A jikin allo ga wata jaka a cikin hanta, a cikinta kuma ga ƙananan jakunkuna cunkus, kamar ƙwan kwaɗo a kududdufi.

Likita ya ce, "Mama, 'ya'yan tsutsa ne. Wata tsutsa ce mai faɗi da ke zama a hanjin kare. Akwai wanda ya huda wurin nan?"

Ta ce, "Saura ƙiris."

Ya ce, "To ki gode wa Allah. Da ruwan nan ya fashe a cikinki, zai iya kashe ki kafin a samo mota. Kina da kare?"

Tana da shi. Wani jan kare ne mai gadin rumfarta, Dunƙule.

"Me kike ba shi?"

Nan Tasalla ta gane inda maganar ta dosa.

Domin shekara da shekaru, duk hantar da ta sayo a mahauta ta gan ta da ƙuraje masu ruwa, ba ta yarda ta sa wa mutane a tukunya. Sai ta yanke wurin ta jefa wa Dunƙule. A ganinta ta yi gaskiya, ta kuma yi sadaka.

Ashe abin zagayowa yake. Daga hanta zuwa kare, daga kashin kare zuwa ƙasar rumfa, daga nan zuwa hannunta da bakinta.

Aka ɗora ta a kan magani na makonni, sannan aka yi mata aiki, aka ciro jakar ɗungurungum ba ta fashe ba. Shi ma Dunƙule likitan dabbobi ya ba shi nasa. Muguwar hanta kuwa yanzu wuta ce makomarta.

Ranar da ta fara iya tafiya da ƙafarta, ba tasha ta nufa ba. Zauren Baba Jatau ta je, da kwanon farfesu a hannu. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, na zo in kwashe maganar da na zubar a nan."

Tsoho ya buɗe kwanon, ya leƙa, ya dube ta.

"Ita wannan hantar, an haska ta?"

Tasalla ta yi dariya har ɗinkin ya motsa, sai ga hawaye.

Darasi: Ku bar ganin wanda ya ce muku "ban sani ba" a matsayin rago. Mai kashe ku shi ne wanda ya san komai. Kumburin da ido bai ga cikinsa ba, kada a kai masa ƙarfe, a je a haska tukuna. Ku kuma masu jefa wa kare ruɓaɓɓiyar hanta, ku daina, ba lada kuke samu ba.

Kada ku danna mini alamar so ku wuce. Ku tura wa mahauta, ku tura wa masu kare, ku tura wa wannan 'yar'uwar taku mai taurin kai da kuka tuna tun a tsakiyar labari.